Yatsan Tsahara a Ƙirjin Ɗanye

Da sunan Allah mai rayarwa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya ba ruwa hanyarsa, ya sa wa wuta iyakarta. Bayan haka, ku da kuka tsaya kuna leƙen kunnena guda da hannuna mai dungulmi, ku bar satar kallo ku zauna, da bakina zan gaya muku. Sunana Ɗanye. Ba haihuwata aka yi ba, gina ni aka yi da yumɓu kamar yadda ake ginin tulu.

Can bayan hamadar gishiri akwai birnin Tuluna, inda kowa maginin tukwane ne, maza da mata. A ƙasar nan sai a shekara da shekaru ba a ga hadari ba. Amma in damina ta tashi zuwa, ba rufin da ke tare ta, iskar ma jiƙa take, duk yumɓun da bai ga wuta ba narkewa yake ko yana ƙuryar ɗaki. Alamarta ɗaya ce, zuwan shamuwa.

Wata magina mai suna Tsahara, wadda ba ta da kowa a gida, ita ce ta haƙo yumɓu a Ramin Numfashi, ramin da tun kakanni aka hana taɓawa. So take ta sami mai taya ta cuɗa yumɓu, mai amsa mata in ta yi magana. Ta gina ƙafafu, ta gina ƙirji, ta ɗora kai, ta manna kunne ɗaya. Tana murza na biyun sai ikon Allah ya sauka, na buɗe ido, na ga fuska a kaina, na ce, "Inna." Wallahi kunnen nan a hannunta ya faɗi. Ta yi baya-baya har ta bangaji randa, ta fice, ba a ƙara ganinta a Tuluna ba.

Haka na bushe a rumfarta, ni kaɗai. Ba zan ce mutanen Tuluna sun zalunce ni ba, don ba su kore ni ba, ba su farfasa ni ba. Kewaye ni kawai suke yi kamar an ajiye turmi a hanya. Magana ma ta bayan katanga na koya, ina sauraron mata suna hira wajen cuɗa. Shekarun nan duka ba mahaluƙin da ya taɓa ce mini ina kwana. Kaɗaici ya ci ni, ba na ɓoyewa, har nakan yi sallama a bakin tulun da ba komai a ciki don in ji an amsa.

Wata safiya na ɗaga kai sai ga shamuwa a kan kuka. Kafin hantsi gari ya ruɗe, ko'ina hayaƙi, kowa na gasa abin da ya gina. Na tafi kai tsaye gun Ƙosau, shugaban magina, na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a sa ni a wuta tare da tukwanen nan."

Ya zagaya ni, ya duba ƙirji, ya duba gadon baya, har tafin ƙafa sai da ya sa na ɗaga. Ya ce, "Ba yatsa."

Dokar Tuluna ke nan. Duk maginin da ya gama gini sai ya danna babban yatsansa a jikin abin tun yana da laushi. Ma'anarsa, ni na yi, in ya yi yoyo ko ya tsage a maido mini. Abin da ba shi da yatsa ba ya shiga wuta, kuma ba mai gasa ginin wani.

Na ce, "To danna mini naka mana."

"Ni na gina ka? Gobe in ka murɗe wuyan wani, ƙofata za a kawo ka?"

Ka ji min mutum! Ana gasa kaskon ba kaji ruwa, ni mai magana an ce in jira narkewa. Raina ya ɓaci har na ji ƙirjina na ƙara. Amma na haɗiye, na tambaye shi ina Tsahara. Ya ce an ga ta nufi gabas, bayan Kogin Ruri. Ban koma rumfa ba, daga nan na kama hanya, na rantse ko da rarrafe sai yatsan matar nan ya hau jikina.

Na ratsa hamadar gishiri, na wuce duwatsu masu tafiya da kansu in rana ta take, har na iso wani gari mai suna Lale. Ban taɓa ganin masu son baƙo irinsu ba, kuma ban taɓa shiga hatsari irin nasu ba. Al'adarsu, baƙo ba ya shiga gari sai an yi masa wanka a bakin ƙofa, wanda ya ƙi kuwa ya zagi garin ke nan, sai a jefa shi rijiya. Ina isowa aka yi caa a kaina da guɗa, mata ɗauke da ƙore cike da ruwa, ana ta "Lale, lale da baƙo!" Tabɗi! Karon farko da aka yi murna da ganina a duniya, kuma kashe ni za a yi.

Na ɗaga hannu na ce, "Jama'a, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma a garinmu sai an shafe baƙo da man kaɗe tun daga kai har ƙafa kafin a zuba masa ruwa. Ban sani ba ko ku nan man ya yi muku tsada."

Ai kamar na watsa musu barkono. Wata tsohuwa ta ce, "Mu? Mu man kaɗe zai gagara?" Nan da nan aka fito da shi ƙwarya-ƙwarya, aka laɓta mini har ina sheƙi. Da suka kwara ruwan sai ya zame ya bi ƙasa. Tsakanin yatsun ƙafa ne kawai suka manta, shi ya sa kuka ga ƙafata ta hagu a manne kamar ta agwagwa. Suka roƙe ni in zauna. Har ga Allah na so zama, amma mutanen da ke wanka safe da yamma ba abokan zamana ba ne, ga kuma gabas ta fara duhu.

Daga Lale na faɗa dajin zanzaro. Zanzaron can kowanne ya kai ɗan akuya, gidajensu na laka sun fi rumbu tsayi, kuma ƙanshin yumɓu suke bi. Man kaɗe ya rufe nawa, sai dai gurbin kunnen nan da ba a gama ba, inda man ya riga ya goge. Ɗaya ya sauka a kafaɗata ya fara gutsura. Na ɓalle ɗan abin da ya saura na gurbin na wurga cikin sarƙaƙiya, suka bi shi ɗuu, ni kuwa na cika wandona da iska, ko da yake ba wandon gare ni ba.

Sai ga Kogin Ruri. Ruwa ne iyakar ganinka, yana ruri kamar garken shanu. Ni da ɗigo ɗaya ke firgita ni, na tsaya cak. A bakin gaɓa akwai wani dattijo mai kwalekwale, Jatau, yana gyaran sandar tuƙinsa.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bawan Allah, ƙetarewa za ka yi? To a nan ba a shiga jirgi sai an faɗi wanda za a gaya wa in an nutse. Wa za a gaya wa?"

Ban taɓa jin tambaya mai nauyin wannan ba. Can na ce, "Tsahara magina."

Ya ajiye sandar. "Tsahara? Wata doguwa mai yumɓu a farce? Ni na ƙetarar da ita shekarun baya. Ba na manta ta, don da na tambaye ta wa za a gaya wa, cewa ta yi ba kowa."

Ba kowa! Ina can rumfa ina jiran motsin ƙofarta, ita tana nan tana cewa ba kowa. Da Jatau ya kwara mini kogin gaba ɗaya da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Baba, tuƙa mu je. Ni dai ita za ka gaya wa, ko tana so ko ba ta so."

Muna tsakiyar ruwa wani kifi mai ƙaho ya taso ya soki cikin jirgin. Ruwa ya fara tsartuwa. Jatau na salati yana neman tsumma, ba tsumma. Na duba, duk jirgin ba abin toshewa sai ni. Na ɓalle yatsuna biyu na hannun hagu, na cusa a ramin, na danne da tafin da ke da mai. Ina ji suna narkewa a ƙarƙashin hannuna, ina ce wa Jatau, "Tuƙa, Baba, kada ka dube ni!" Da ƙyar muka kai gaɓa. Ya nuna mini wani dutse baƙi ya ce can take, ya ƙara da cewa in hanzarta, don iska ta fara ɗaukar sanyi.

Dutsen nan ko ƙwayar ƙasa babu a kansa, ashe shi ya sa ta zaɓe shi. A can ƙoli na tarar da bukka ɗaya, da tsohuwa zaune a ƙofa tana saƙar tabarma, ga tabarmi nan jibge har sun kusa kai rufi. Na leƙa gidan, ko kasko babu, komai ƙwarya ce da gora. Na yi sallama. Ta ɗago, kabar ta zube daga hannunta.

"Inna, ni ne."

"Kada ka kira ni haka." Ta ja da baya. "Me ka zo yi? Kashe ni?"

"Da kashe ki na zo yi da ban yi sallama ba. Yatsa na zo karɓa, da wuta. Shamuwa ta zo."

Ta dubi gabas, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Tsoron Allah ne ya kore ni. Ni wace ce da zan gina abin da zai yi magana? Kuma ta yaya zan tura abin da ya ce mini Inna cikin wuta? Na ga gara in bar ka yadda kake."

"Kika bar ni wa?"

Ta hau tattara kabar da ta zube.

Na ce, "Tsoron Allah bai hana ki haƙa ramin ba, sai da na buɗe ido ya zo miki? Ke tsoron yini ɗaya kika ji kika gudu. Ni kullum a cikinsa nake, ko yaro ya wuce da moɗa sai na matsa. Ban zo ki so ni ba. Ki gama aikinki kawai."

"Ka san abin da yatsa ke nufi? Duk abin da ka aikata a duniya ni za a tambaya. Ga ƙarfi a jikinka kamar na bijimi, ban san zuciyar da ke ciki ba."

"Ina za ki sani, kin tsaya kin gani?"

Ta ɗauki kabarta ta ci gaba da saƙa. Ta ce ta yi rantsuwa ba ta ƙara taɓa yumɓu. Nan fa zuciya ta ɗebe ni, na kama ginshiƙin bukkar, saura kaɗan in tuge shi. Na ga yadda ta runtse ido tana jira. Sai na saki. Na koma tsakiyar fili, inda ba inuwa ba rufi, daidai ƙofarta, na zauna na harɗe ƙafa.

"To shi ke nan. Nan zan zauna. In ruwa ya sauko in narke a ƙofarki. Dutsen da kika zaɓa don ba ƙasa, ga ƙasa na kawo miki, kullum kika fito sai kin taka ni."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Hadari ya haɗo, iska mai laima ta fara kaɗawa, na ji fatar bayana na saki. Ban motsa ba. Aka yi tsawa, ta tsarge kaba ba daidai ba, ta warware, ta sake tsargewa ba daidai ba. Can sai ta yi jifa da tabarmar.

"Kai dai akwai taurin kai!"

"Ke kika gina kan."

Ta shiga ta fito da wuƙar kaba, ta kankare man kaɗen da ke jikina tas, don mai ba ya shiga gashi. Ta ɗora yatsa a ƙirjina ta danna. Ina! Shekaru sun busar da ni, ko alama bai yi ba. Ta ce, "Sai an jiƙa wurin."

Ta ɗebo ruwa a ludayi ta nufo ni. Jama'a, na ƙetare Kogin Ruri, amma ban ji tsoron da na ji na ludayin nan ba. Ba mai a jikina, ga ruwa a hannun matar da ta taɓa gudu ta bar ni. In ta kwara mini a ka, ta huta da ni har abada, ba mai tambayarta. Ƙafafuna suka ce mu gudu. Na ce ba inda za mu. Na buɗe ƙirji na rufe ido.

Ɗigo-ɗigo ta riƙa sakewa, tana murzawa da yatsa, tana tare wanda zai gangara da bakin zanenta. Masu ba da labarina sukan ce da hawaye ta jiƙa ni. Ƙarya suke, ruwan gora ne, ina wurin. Da wurin ya yi laushi ta yi bisimilla ta danna babban yatsanta har sai da na ji shi a ciki. Ta ce da ƙarfi, kamar Tuluna duka na saurare, "Ni Tsahara na gina. In ya tsage a maido mini."

Na ce, "Kunnen fa?"

"Ba lokaci. Ɗayan ya ishe ka jin faɗana. Kwanta."

Na kwanta a wani kwarmin dutse. To a kan dutse ina itace? Ta jawo tabarmin nan, aikin shekarunta duka, ta lulluɓe ni da su, ta kunna. Ba zan yi muku ƙarya ba, wuta da zafi. Na yi ihun da ya tashi tsuntsayen dutsen. A Tuluna magini ba ya barin bakin wuta kuma ba ya yin shiru, don sun ce tukunyar da aka bari ita kaɗai fashewa take. Sai na ji muryarta ta cikin ruri tana ba ni labarin ranar da ta gina ni, yadda ta ɓata ƙafar dama ta sake, yadda ta ba ni hancin mahaifinta.

Nakan ce, "Inna, kina nan?"

Takan ce, "Ina nan."

Tabarmi suka ƙare ban gasu ba. Ta cire ƙyauren ta jefa. Ta kawo gadonta na kara ta jefa. Na sake kira, shiru. Na kira da ƙarfi, shiru. Na ce shi ke nan, ta sake gudu, na ji wani abu na shirin tsagewa a cikina wanda ba ruwansa da wuta. Sai ga muryarta daga sama tana haki, "Ina nan, ɗan nema, rufin nake yayewa!" Tsohuwar nan ta hau bukkarta, damina na bakin ƙofa, ta yaye ciyawar rufin kakaf ta tura mini.

Wuta na mutuwa yayyafi na farawa. Tukunya mai zafi kuwa in ruwa ya taɓa ta, ta tashi aiki. Ta riƙa kwasar toka da hannu tana binne ni, tokar na ƙona ta, ta kife ƙoren gidan duka a kaina, ta kwance mayafinta ta rufa, ta tsaya ta kare sauran da bayanta. Ɗigo ɗaya ne ya sami hanya, ya sauka a kafaɗata, na ji ƙas. Ga tsagar nan, ku matso ku gani.

Da na huce na ture tokar na miƙe. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ya sauka a kaina, ya bi fuskata, ya gangara ƙirjina ya taru a gurbin yatsan, ban narke ba. Na ƙwanƙwasa cikina na ji ƙwal. Na yi dariya, na yi ta tsalle a cikin ruwa kamar mahaukaci. Da na waiwaya sai na ga Tsahara tsugune a kangon bukkarta, jiƙe sharkaf, hannuwa duk ƙuna, ba rufi ba tabarma. Na ɗauko wani faffaɗan dutse na riƙe a kanta har ruwan ya tsagaita.

Ta shafa tsagar kafaɗata ta ce, "Ka tsage."

Na ce, "To ai sai a mai da ni gun mai yatsa."

Ba abin da ya saura a dutsen, sai na goya ta muka gangaro, muka nufi Tuluna. A bakin Kogin Ruri muka tarar da Jatau ya ɗaure jirginsa a gindin wata bishiya, ruwa ya cika ya batse. Ya dube ni, ya ƙwanƙwasa hannuna, ya yi murmushi. Sannan ya gyara murya, don al'ada ba ta san sanayya ba.

"Bawan Allah, in ka nutse wa za a gaya wa?"

Na ce, "Tsahara magina."

Ya juya gare ta. "Ke fa, baiwar Allah?"

Na kawar da kai ina kallon ruwa, kunnena guda kuwa na miƙe. Sannan na ji hannunta mai ƙuna a kafaɗata, daidai tsagar.

"Ɗana, Ɗanye."

Jatau ya buga sandarsa a ƙasa. "Haba! Ku biyun kuna jirgi ɗaya, in ya kife wa zan gaya wa?"

Inna ta tattare zanenta ta shiga ta zauna, ta ce, "Sai ka tuƙa da kyau."